Gidan da Aka Raba Tun Ba a Saya Ba

Safiya, Kabiru, na san abin da baffanku Issaka yake faɗa a Kumasi, don yanzu da kowa ke riƙe da waya magana ba ta kwana a inda aka yi ta. Yana cewa babanku ya yi shekara talatin da ɗoriya yana tuƙa tasi a New York, ya koma Ghana ya rasu a gidan haya, ko katanga bai bari ba, kuma Bakanuwar matarsa ce ta ja. Rabin maganar gaskiya ne. Ni na hana a sayi gidan, kuma ban yi a ɓoye ba. Sauran rabin ne zan rubuta muku, tunda in na fara ba ku labari da baki, kai Kabiru sai ka hau danna waya, ke kuma Safiya ki ce min kin makara wurin aiki.

Kun tashi a gidanmu na Highbridge a Bronx, hawa na biyar, saboda haka ba sai na yi muku dogon bayani a kan falonmu ba. Duk wanda ya sauka a filin jirgi daga Kumasi ko Accra ko Maraɗi, in ka laluba aljihunsa za ka samu lambar babanku, Alhaji Awudu. Kowa sati biyu yake cewa zai yi, kuma akwai wanda sati biyunsa ya kai shi har ya yi aure. Katifa a bayan kujera, jakunkuna a ƙarƙashin tebur, layin alwala a bakin banɗaki da asuba. Ni kuwa in wuni ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, in yi musu wanka in ba su abinci a baki, in dawo a jirgin ƙasa ƙafata ta kumbura, in ɗora tukunyar maza. A gidan da nake biyan rabin hayarsa ban taɓa fitowa daga ɗaki babu mayafi ba. Ba ƙorafi nake ba, mun samu lada in Allah ya karɓa, kuma da yawa daga cikinsu mutanen kirki ne. Amma na gaji, kuma abin da ya riƙe ni shi ne tunanin cewa wata rana za mu ajiye aiki, in rufe ƙofa, ya zama daga ni sai mijina.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda dusar ƙanƙara ta binne motar babanku har rufi. Ya fita da shebur zai tono ta, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a gaban 'yan makaranta. Gwiwar ta warke, amma zuciyarsa ta fita daga garin. Bayan ya koma aiki sai ya ɗauko wani tsohon Bature sanye da gajeren wando a tsakiyar sanyi, zai kai shi filin jirgi. Baturen ya ce masa ya ajiye aiki, zai koma wata ƙasa mai zafi, bakin teku, inda kwakwa ke faɗowa a tsakar gida, kuma duk rayuwarsa abin da yake wa tanadi ke nan. Babanku ya dawo gida yana dariya har da hawaye. Ya ce ashe abin da Bature ke wahalar shekara arba'in ya samu, a cikinsa aka haife mu, muka gudo muka zo muna tonon mota. Da ya gama dariyar sai ya daɗe yana kallon taga. Washegari ya kira baffanku Issaka.

Ba a yi wata guda ba Issaka ya turo hoton wani gida kusa da Takoradi. Bene ne mai ruwan ɗorawa, da baranda mai kallon teku, da itatuwan kwakwa a gefe. Babanku ya kai hoton shago aka wanke masa babba da ƙarami, babban ya kafa a saman talabijin, ƙaramin ya sa a aljihun gaba. Kuɗin gidan kuwa zai cinye duk abin da muka tara, nasa da nawa. Na ce masa ni Ghana ba ƙasata ba ce, ban taɓa yin wata guda a cikinta ba, shi kansa rabonsa da zama a can tun yana da gashi. Na ce mu kama haya tukuna mu ga yadda garin zai karɓe mu, in ya yi mana sai mu saya. Ya dube ni kamar na ce ya ci naman alade.

"Hajiya, shekara talatin ina biyan haya a ƙasar wasu. Sai kuma in koma ƙasar ubana in ce salamu alaikum, akwai ɗaki?"

Na bar maganar a nan, na ce a raina zumuɗi ne, zai huce. Ashe ranar Juma'a da hoton ya tafi masallaci. Bayan an idar ya zaro shi, aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, kowa na cewa Allah ya sanya alheri, shi kuma yana amsa wa kowa da cewa ai gidanku ne. To, a Kano in mutum ya ce maka gidanka ne, ka ce na gode ka kama gabanka, kowa ya san ladabi ne. Amma waɗannan mutane ne da rabinsu sun kwana a falon Alhaji Awudu, sun san in ya faɗa har zuciyarsa yake nufi. Kuma kowannensu gwiwarsa na ciwo, kowa ya gaji da sanyi, kowa na da niyyar komawa gida wata rana amma bai tara abin ginin ba. Kafin sati ya zagayo an fara kiran waya ana tambayar ɗaki nawa ne a sama, kuma ko na ƙasa yana da banɗaki a ciki.

Sai babanku ya ƙara da sanar da cewa zai yi hayar kwantena ya kai kayanmu, wanda ke da ɗan saƙo ya kawo. Wayyo Allah, wannan ɗan saƙon. Lif ɗin benenmu kun san halinsa, rana ɗaya yana aiki rana uku yana hutu, saboda haka ta matakala aka riƙa turo duro-duro shuɗaye, ana nishi ana salati, kowane da sunan mai shi a jiki, a ce a ajiye min a ɗakina. Aka kawo keken ɗinki, aka kawo firji mara ƙofa, aka kawo injin nan da ake gudu a kansa ba a zuwa ko'ina. Wani bawan Allah ya kawo shebur ɗin kwashe ƙanƙara, na ce masa Malam, Takoradi fa za a kai, ya ce ai ƙarfensa mai kyau ne. Falo ya cika, lungu ya cika, in zan shiga kicin sai na yi gefe na ja ciki. Baffanku kuma yana can yana nasa rabon ta waya. Ɗansa zai buɗe shago a garejin, surukarsa za ta zauna a ƙasa tunda ba ta iya hawa bene, kuma akwai 'yan awakinsa da ba su da wurin kiwo a Kumasi. Duk wannan fa ko sisi ba mu biya ba tukuna.

Ranar da abin ya kai min wuya wata Lahadi ce bayan la'asar. Mutum biyu suka zo, kun san su duka. Malam Fuseini, abokin tuƙin babanku tun suna samari, da Alhaji Mamane, ɗan Maraɗin nan mai sayar da huluna da tabarau a bakin titi. Ashe babanku ya yi wa kowannensu alkawarin ɗakin sama na hannun dama, mai kallon teku, ya manta. Aka sauko da babban hoton aka shimfiɗa a kan duro, suka tsaya a kansa. Fuseini ya ce shi yana da ciwon ƙirji, likita da bakinsa ya ce iskar teku ce maganinsa. Mamane ya ce shi ya fara magana, duronsa ne ya fara hawowa, kuma shi da ya tashi a inda ruwa sai a rijiya ai ya fi kowa cancantar ya ga teku kafin ya mutu. Murya ta fara tashi, Mamane ya juye Faransanci, Fuseini ya juye Tuwi, yaren mutanen Kumasi, kowa na dangwala yatsa a kan tagar ɗakin har hoton ya yi maiƙo. Ni ina kicin ina kwashe tuwo ina dariya ƙasa-ƙasa, ina cewa bari in ga yadda mai rabon ɗakuna zai fita.

Na fito da tire a hannu daidai lokacin da babanku ya ɗaga hannu ya ce su saurara. Fuskarsa har wani haske take, irin na wanda Allah ya buɗa wa mafita. Ya ce ai ɗakunan da ke kallon teku biyu ne, na dama da na hagu.

"Na hagun ai naka ne da Hajiya," in ji Fuseini.

"Ni da Hajiya ai ba baƙi ba ne. Akwai wani ɗan ɗaki a baya kusa da kicin, ya ishe mu. Zai ma fi mata sauƙin girki."

Suka yi kabbara, suka rungume juna, aka shafa fatiha. Mamane ya juyo ya ce min Hajiya, lallai Allah ya ba ki mijin kirki. Na ce ƙwarai kuwa. Na ajiye tiren a kan duro a hankali, ko miya ba ta zuba ba, na koma kicin na buɗe famfo don kada a ji, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Ba haushi kaɗai ba ne, tsoro ne ya kama ni. Na hango kaina tsohuwa tukuf a ɗan ɗakin bayan kicin, a ƙasar da ba ni da kowa, ina tuƙa tuwon mutum goma sha, su kuma suna sama suna shan iska da kuɗin da na tara ina wanke tsofaffin New York. A Highbridge ko ba komai ina fita aiki in huta da su. A can kuwa babu inda zan je.

Ban yi masa magana a gida ba, don babu inda za a yi ta wani bai ji ba. Na jira Asabar, lokacin ke Safiya kina jegon Amira a St. George, can kan tsibiri, muka tafi duba ki. Da muka shiga jirgin ruwan nan da ke haye da mutane zuwa tsibirin, na ja shi waje bakin ƙarfe, inda iska ke yanka kunne, don na san a ciki ba za mu yi minti biyar ba wani zai ɓullo ya ce a'a, Alhaji, ya maganar gidanmu. Ya tura hannuwa cikin aljihu yana tambayata ko lafiya, mutane na ciki suna shan ɗumi mu muna nan kamar masu laifi. Na ce masa zan bi shi Takoradi, zan bi shi ko'ina ne, amma a gidan haya. In ya sayi wancan benen, ya tafi da Fuseini da Mamane su riƙa yi masa girki, ni zan zauna wurin 'yata in yi renon jika.

Ya ce wai me haya ta taɓa yi min na alheri da nake sonta haka. Sai na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce duk tsawon zamanmu a Highbridge mutum ɗaya ne ya taɓa rage min baƙi, shi ne mai kula da benenmu, mai ɗaurarriyar fuskar nan da ke ƙwanƙwasa ƙofa ya ce mutane sun yi yawa, mai gida bai yarda ba. Ranar da ya zo, ranar babanku ke tashi ya nema wa mutane ɗaki a wani wuri, ba wanda ya ji haushi, don kowa ya san ba laifinsa ba ne. Na ce kullum in an gama zaginsa a falo, ni a zuci nake cewa Allah ya ƙara masa lafiya.

"Mutumin da ya bar mu sati guda babu ruwan zafi?"

"Shi fa. Alhaji, kai ba ka iya cewa a'a ba, kuma ka tsufa da koyonta yanzu. A gidan haya akwai mai faɗa maka ita. A gidanka babu."

Ya juya ya dafa ƙarfen jirgin. Da ya buɗe baki sai ya kawo maganar mahaifinsa, wadda na sani amma bai cika taɓa ta ba. Kakanku ɗan dako ne a kasuwar goro ta Kumasi, ya rayu ya mutu a ɗaki ɗaya na haya a Zongo, kuma ba a yi sadakar bakwai ba mai gidan ya aiko a kwashe kaya. Babanku yana yaro ya ɗauki tabarmar ubansa a ka ya fita da ita. Tun ranar ya yi wa kansa alkawari sai ya ga sunansa a jikin ƙofar gida. Ya faɗa min wannan idonsa na kan ruwa, ni kuma na ji kamar in ce shi ke nan, a saya. Wallahi saura kaɗan. Amma na tuna ɗakin bayan kicin, na ce masa na sani, Allah ya jiƙan Baba, kuma ina nan a kan bakana. Muka sauka daga jirgin muka ƙarasa gidan jegon. Ke Safiya har kika tambaye mu da Turanci ko sanyi ne ya sa idanunmu suka yi ja, muka ce e.

Daga nan babanku ya shiga fushi, kuma fushinsa abin kallo ne don bai saba ba. Ya daina cin abincina, ya koma gidan abincin wata 'yar Ghana a gangaren unguwa, kwana biyu barkononta ya dawo min da shi yana riƙe da ciki. Ya ce zai ƙaurace wa ɗaki ya koma falo, ya je ya tarar duro sun cinye rabi, wani baƙo da ya zo sati biyu tun kafin azumi ya cinye sauran. Sallah ma a lungu yake yi, yana sujada kansa na taɓa firji mara ƙofa. Da ya rasa inda zai zauna ya ɓata rai a gidansa, sai ya koma cikin motarsa a bakin titi, ya kunna hita don ɗumi ya rufe gilashi, ya zauna yana huci shi kaɗai. Ina hango shi ta taga, tausayi na kama ni dariya na kama ni.

A nan Alhaji Mamane ya same shi wata rana da hantsi. Ya ƙwanƙwasa gilashi, ya buɗe ƙofa ya shiga gaba ba tare da an ce ya shigo ba, ya zaro 'yan katunan nan na zaɓen launin fenti. Ya ce shi ruwan ɗorawa ba ya masa, yana son ɗakinsa kore, kuma in da hali a canza na barandar ma don su dace. Babanku ya ce to. Ya ce kuma ƙaninsa da iyalinsa za su riƙa zuwa hutu. Babanku ya ce to. Sai ya ce akwai wata 'yar alfarma, a yi wa Hajiya magana ta daina suyar kifi da safe in an koma can, don ƙaurin yana tayar masa da zuciya, kuma shi yana son ya riƙa komawa barci bayan asuba. Babanku ya ce min ya buɗe baki da niyyar ya ce a'a, ya ji da kunnensa bakin ya ce to. Ya hawo benen nan da gwiwarsa mai ciwo, ya same ni a kicin, ya zauna a kan duron wani yana haki.

"Hajiya, wannan mai gidan hayar da kike magana, a ina ake samunsa?"

Saura yadda za a faɗa wa jama'a. Ba zai iya cewa ya fasa ba, ba zai iya cewa matarsa ta hana ba. Ranar Juma'a ya tashi ya ce an ɗaga maganar saye, za mu fara da haya, kuma mai gidan yana da sharuɗa masu tsanani. Lokacin ko gidan ba mu samu ba, balle mai shi. Aka tambaye shi wane irin mutum ne, ya ce tsohon soja ne. Ni na ɗauka a nan zai tsaya. Ina! Mutumin da bai iya cewa a'a da bakinsa ba, sai ga shi ya samu wanda zai faɗa masa ita, ya kama shi hannu biyu. Kowace Juma'a Soja sai ya ƙara mugunta. Yana da karnuka. Yana kulle ƙofa da magariba. Yana ƙirga takalma a bakin ɗaki. Ya taɓa ganin duro a gidansa ya sa masa wuta. Mutane suka riƙa girgiza kai suna cewa Allah ya fid da kai, Alhaji. Na ce masa ya ji tsoron Allah ya rage, ya ce ai yana istigfari bayan kowace. Duro-duro suka fara sauka ta inda suka hawo, kuma wannan karon ba mai salati, sai tsaki.

Kada ku ɗauka abin ya tafi a dariya. Mata ba a yi musu irin wannan, kafin wata guda an gane hannuna a ciki. In na shiga gidan suna sai hira ta tsaya, aka sa min suna Hajiya Haya, kuma har yau akwai masu kirana da shi in na juya baya. Fuseini da Mamane suka zama aminai a kan zagina. Baffanku ya daina gaishe ni a waya, in na ɗauka sai ya ce ba ni Alhaji. Wannan duk bai dame ni kamar abin da ya samu babanku ba. Mutumin da ake kira in za a sasanta rigima, sai ga shi ana yi ba a neme shi ba. Wani yaro da ya kwana a falonmu wata shida ya faɗa a gabansa cewa akwai masu shekara talatin a Amurka ba su da ko bulo ɗaya. Ya dawo gida ya hau kujera ya sauke hoton daga saman talabijin da hannunsa, ya naɗe shi ya sa a bayan kabad. Na san ni na jawo masa.

Da kaka muka tafi, da akwatunanmu kawai, ba kwantena. Gidan da muka samu ɗaki biyu ne da falo da 'yar baranda, ba a ganin teku sai dai a ji shi in iska ta juyo. Aka ce sai mun biya hayar shekara biyu gaba ɗaya, haka suke yi a can, babanku ya biya yana gunaguni. Mai gidan kuwa, Sojan da ya firgita Bronx gaba ɗaya, wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Fanti mai bandar kifi, ana ce mata Mame Esi, tsayinta bai wuce kafaɗata ba. Karnukanta agwagwa ce guda ɗaya mai ɗingishi. Ita da kanta ta riƙa tambayarmu wai mu ba mu da dangi ne, ba ta ganin baƙi. In mutanen New York sun zo hutu sai su sauka a otal, su zo gaishe mu da rana, suna magana ƙasa-ƙasa suna waiwaye. In hira ta yi tsawo babanku ya dubi agogo ya ce Soja ya kusa dawowa, sai ka ga ana neman takalma. Mame Esi na zaune a gefe tana miƙa musu kifi a takarda, suna tausaya mata, sun ɗauka mai aikin Soja ce.

Ba wai mun rufe ƙofa ga kowa ba ne. Da ƙanwarsa ta yi rashin lafiya ni na ce a kawo ta, na yi jinyarta har ta miƙe, don wannan ni na zaɓa. Amma yawancin kwanaki daga ni sai shi. A can na fara yawo a tsakar gida da ɗaurin ƙirji. A can muka fara cin abinci a kwano ɗaya, kuma a can na gano babanku ba ya son miyar kuka. Shekara talatin ina kaɗa masa ita yana ci yana sa albarka, ashe don baƙi na so ne. Na ce me ya hana ka faɗa, ya ce ba a taɓa barinmu mu biyu ba balle ya samu fili. Muka yi ta dariya kamar yara. Shekaru huɗun nan su ne auren da na yi, sauran duk hidima ce.

Sai dai ina ganin abin da nake gani. In mun fita tattaki da yamma, duk ƙofar da aka rubuta sunan mai gida a jikinta sai ya rage sauri ya karanta, wani lokacin har leɓensa na motsi. Benen nan mai ruwan ɗorawa wani ya saye shi, kuma babanku ya gwammace mu zagaya ta bayan kasuwa da mu wuce ta gabansa. Bai taɓa yi min gori ba ko sau ɗaya, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi.

A shekara ta huɗu zuciyarsa ta fara ba shi wahala, tattakin ya koma daga ɗaki zuwa baranda. A daidai lokacin Mame Esi ta ce min 'ya'yanta na son ta koma wurinsu a birni, za ta sayar da gidan, kuma ta fi son mu saya. Kuɗinmu na nan, haya ba ta ci da yawa ba. Na kwana biyu ina juya abin, sannan wata safiya na kai masa shayi a baranda, na zauna kusa da shi. Na ce Alhaji, na sha iskata, na gode. Mu sayi gidan nan, in kira mai fenti ya rubuta Alhaji Awudu a jikin ƙofa da manyan baƙaƙe, ka cika alkawarinka.

Ya riƙe kofin bai sha ba. Ya kalli ƙofar gidan, wata tsohuwar ƙofar langa-langa ce mai tsatsa, ya daɗe yana kallonta har idonsa ya ciko. Sannan ya waiga dama ya waiga hagu, ya matso kusa da kunnena ya rage murya.

"Rufa min asiri, Hajiya. In muka saya, wa zan ce ya hana?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ni ma na yi, ina bubbuga masa baya. Ba mu saya ba. Kafin damina ta faɗi Allah ya karɓi abinsa, a ɗakin haya, kansa a kan cinyata, babu kowa a gidan sai mu biyu. Bayan na fita takaba na miƙa wa Mame Esi makullinta, na dawo nan St. George, inda nake rubuta muku wannan.

Ku faɗa wa baffanku abin da kuka ga dama, ni na daina ba shi amsa. Abu ɗaya ne ban sani ba, kuma ba zan sani ba sai mun haɗu. Ban sani ba ko da gaske ya daina son gidan, ko kuwa ya faɗi haka ne don kada in zauna da abin a raina bayan ba shi. Babanku mutum ne da ba ya iya riƙe abu in ya ga wani na buƙatarsa, kuma a safiyar nan ni ce mai buƙata.